Sharar Ranar Tet

Rachael dai ba ta iya ganin datti a ƙasa ta zauna lafiya. Gwaggon da ta rene ta a Bukuru ce ta ɗora ta a kan haka: mace ba ta karyawa sai ta yi shara, balle ranar biki. Da wannan hali ta zo karatu Kuala Lumpur, ta sami ɗaki a unguwar Wangsa Maju tare da Thao, wata ɗaliba 'yar Vietnam.

Tun ranar farko Thao ta ba ta mamaki. Ko gaisuwa ba su gama ba ta tambaye ta shekarunta. Rachael ta ce a ranta, wannan wane irin rashin ta-ido ne? Ashe a wurinsu sai an san shekarun mutum ake sanin yadda za a kira shi. Daga ranar Rachael ta zama "chi", wato yaya, kuma ko kofin ruwa da hannu biyu Thao ke miƙa mata. A garin da ba ta da kowa, ƙanwar nan ta kwanta mata a rai ƙwarai.

Da Tet ta zo, wato sabuwar shekararsu, Thao ba ta sami zuwa gida ba, ga mahaifiyarta kwance a asibiti. Ranar jajibiri ta wanke ko'ina, ta jera furanni, sannan ta zauna tana ɓare jajayen 'ya'yan kankana tana waya da 'yan gidansu. Ɓawo ya cika ƙasa.

Da sassafe uwar tsafta ta tashi da niyyar faranta wa ƙanwarta. Ta share falon tas, ta ƙulle sharar a leda, ta sauka ta jefar. Har da 'yar waƙarta.

Thao ta fito, ta dubi ƙasa, ta dubi tsintsiya, sai idonta ya ciko. Da ƙyar ta bayyana cewa kwana ukun farko ba a fitar da shara, don wanda ya fitar ya kori alherin shekara da hannunsa.

"Bana kuwa, chi, mama na bukatar duk ɗan abin da ya samu," in ji ta, ta koma ɗaki ta rufe.

Rachael ba ta yarda tsintsiya na korar lafiya ba. Amma ita ma ai Gwaggo ba ta taɓa barin a yi shara da dare ba, kuma ba wanda ya taɓa neman hujja. Kukan da take jiyowa ta bayan ƙofa ya fi ƙarfin gardama. Ta zura silifas.

A ƙasa Hisham mai gadi ya ce motar shara ba ta zo ba saboda hutun sabuwar shekarar 'yan China, wadda ta zo rana ɗaya da Tet. Da ya ji abin da take nema sai ya riƙe baki. "Cannot lah, sister," ya ce, wato ba zai yiwu ba, yana nuna mata tulin baƙaƙen ledoji iri ɗaya.

Rachael ta nufi tulin. Ta naɗe zani, ta toshe hanci da gyale, ta shiga kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙashin kifi, ruɓaɓɓiyar shinkafa, kunzugun jarirai, ba abin da hannunta bai taɓa ba.  Rana ta take sosai kafin ta ci karo da jan ɓawon nan.

Ta hau sama tana wari, ta buga wa Thao ƙofa, ta zazzage ledar a bayan ƙofar falo, har ta kakkaɓe ƙurar da ta maƙale. Thao ta daɗe tana kallon tulin. Sai ta ɗebo ruwa da sabulu, ta kama hannuwan yayarta ta shiga wankewa, tana dariya tana hawaye.

Da yamma Gwaggo ta kira ta bidiyo, idonta kuwa bai sauka ko'ina ba sai kan sharar.

"Rachael, wannan ƙazantar fa? Haka na koya miki?"

"Ajiyar ƙanwata ce, Gwaggo. Ba mai taɓa ta sai gata."