Aikin Maƙoƙon Philomena

"Kawo ɗayan hannun," in ji Yakaka, tana dangwala auduga a ruwan goge farce.

Philomena ta miƙa mata. Suna zaune ne a barandar gidan hayar da suke ciki a Fagge, ƙarar adaidaita sahu na shigowa daga titi. Washegari za a yi wa Philomena aikin maƙoƙo, nas kuma ta ce kada ta zo da jan farce, domin yana hana na'urar da ake maƙala wa yatsa aiki sosai.

"Hajiya, wai daga tsakar dare ba ci ba sha. Ni da nake tsokanarki lokacin azumi!"

"Ai gobe Alhamis, ni ma sai in ɗauka, mu yi tare."

Shekara da shekaru ƙofofinsu na kallon juna. Philomena tela ce a Kasuwar Sabon Gari, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Chiamaka. Maƙoƙon ya daɗe a wuyanta tana rufe shi da gyale, har ya kai in ta kwanta rigingine sai numfashi ya sarƙe. Ta sha magani wata da watanni, aka auna jini, aka duba zuciya. Da aka nemi mai ba da jini, Goni, babban ɗan Yakaka, ya ajiye motarsa ya je ya miƙa hannu.

"Ba wuƙar nake tsoro ba," in ji Philomena, tana kallon faratanta. "Likita ya ce murya tana iya dashewa. In na kasa waƙa a coci fa?"

"Sai unguwa ta huta."

Philomena ta yi dariya har tari ya kama ta.

Da safe a asibiti ta sa hannu a takarda, ta cire zobe da 'yan kunne ta ba Chiamaka. Rigar asibitin ta yi mata yawa. A bakin ɗakin tiyata ta riƙo mayafin Yakaka.

"Hajiya, yarinyar nan taki ce fa."

"Maman Chiamaka, bar maganar nan. Allah ya fito da ke lafiya."

Bayan azahar aka fito da ita, wuya a naɗe da bandeji. Ta buɗe ido, ta motsa baki, muryar ta fito 'yar siririya: "Kin ji? Tana nan." Yakaka ta yi hamdala, ta koma gida dama mata kunu, tunda an ce zuwa yamma za ta iya kurɓa.

Ko da ta dawo, gadon ba kowa. Chiamaka na zaune a ƙasa, ta jingina da bango. Jini ne ya taru a cikin wuyan Philomena ya danne numfashi. An koma da ita tiyata a guje, amma rai ya yi halinsa. Yakaka ta ajiye filas ɗin kunun, ta zauna a ƙasan ita ma, ta jawo kan Chiamaka jikinta.

Dangi da mutanen coci suka zo daga Sabon Gari, aka tafi da gawar zuwa garinsu a kudu, Chiamaka ta bi su.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo, matan gida suka fito kwashe shanya. Zani ɗaya ya rage a igiya, na Philomena, ba wadda ta taɓa. Yakaka ta sauke shi, ta ninke, ta tsaya da shi a gaban ƙofar da ke garƙame da kwaɗo, yayyafi na sauka a kan kwano.