Ragon Nowel na Ambroise

Duk Nowel, wato Kirsimeti, Tukur ne ke yanka ragon Ambroise. Haka ake yi a unguwarsu a Dogon Dutsi. Kirista ya sayi rago, ya kira Musulmi ya yi bisimilla ya yanka, don maƙwabta su ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Tun suna samari suke haka.

Sai dai Tukur ya daɗe da daina yarda akwai mai jin bisimillar. Ba faɗa ya yi da kowa ba, gajiya ce kawai. Da matarsa Fadila ta kwanta ciwo, malam ya ba da rubutu, ƴan bori a Matankari suka karɓi baƙar akuya, ƴan coci ma suka zo suka yi nasu. Da ta rasu, sai bakinsu ya zo ɗaya: a yi haƙuri. Ya yi haƙurin har ya ƙare. Masallaci kam yana zuwa, yadda tsohon ma'aikaci ke zuwa biro, wato ofis, don kada a tambaya.

Yanka kuwa daban ne. Salla tasa ce, ko ya yi ta ko ya yi kwaikwayonta, babu wanda ya cuta. Nama cikin mutane zai shiga. In ya yanka da bakin da ba ya nufin abin da yake faɗa, a ganinsu mushe ya ciyar da su. In ya ƙi, asirinsa ya tonu.

Bana Ambroise ya danne ragon a bayan gida, ya fuskantar da shi gabas, don ya fi wasu masu sallar sanin ƙa'ida. Tukur ya tsuguna da wuƙa, amma ya kasa yin bisimilla.

"Mi ya hwaru?" in ji Ambroise.

"Ba ni iya hwaɗinta. Babu kowa can, Ambroise. Na daɗe da sani."

Ambroise ya dube shi, bai yi masa wa'azi ba. Ya karɓi wuƙar, ya leƙa ta katanga ya kira Luƙman mahauci.

A'i maƙwabciya, da ta zo taya aikin girki, ta ce, "Lahiya, Malam Tukur? Bana ba kai ba?"

Tukur ya buɗe baki, amma Ambroise ya riga shi.

"Hannunai ka ciwo," ya ce, kansa a sunkuye.

Tukur ya ji kunya da baƙin ciki sun rufe shi. Mutumin da ya taso daga coci da safen nan, da imaninsa cikakke, shi ne ya yi ƙarya dominsa. Kuma baɗi ma sai ya sake yin ƙaryar.