Ranar da 'Yan Boko Suka Zo Maƙera

Ni maƙeri ne a Gafasa. Ubana maƙeri, kakana maƙeri, daga Gaya muka taso. A gidanmu yaro yakan fara da zugazugi, kafin a ba shi awartaki, kafin masaba. Ɗana ya rasu da wuri, ya bar mini jika ɗaya, Barau. Shi kaɗai ya rage da zai gaji wutar nan. Tun yana ɗan shekara biyar yake mini zuga.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, an kai shi makarantar boko a Ajingi. Ban so ba, amma dagaci ya ce dole.

Wata Laraba da hantsi ina gyaran garma, sai ga malaminsu, Malam Abdulsalam, da yara wajen talatin cikin fararen riguna. Ya gaishe ni da ladabi.

"Baba, na kawo su ne su ga sana'ar mutanen da."

"Mutanen da? Garmar da ubanka ya yi huɗa da ita bana, aljanu suka ƙera?"

Ya yi dariya, ya ce a yi haƙuri. Yara suka cika rumfa. Wasu na toshe hanci. Wata yarinya ta ce wurin na warin akuya. Wani ya kalli hannuna ya ce da abokinsa, "Wannan baƙin ko sabulun Kano ba ya fitar da shi." Barau na can baya, kansa a ƙasa.

Na ce bari su ga abin da jinina ya iya.

"Barau, zo ka zuga."

Bai motsa ba. Yara suka juya suna kallonsa.

Malam ya ce, "Au, Barau, ka san Baba ne?"

"Maƙwabcinmu ne, Malam. Ni ban iya zuga ba."

Na ji shi sarai. Na jawo zugazugi da kaina, na hura wuta, na gama garmar a gabansu. Suka rubuta abin da suka rubuta, suka tafi.

Da la'asar ya dawo. Ya tuɓe farar rigar, ya rataye ta nesa da hayaƙi, ya zauna wurin zamansa ya kama zugazugi.

"Kaka, tsokanata suke yi. Ɗan gawayi suke ce mini."

"Saki."

"Kaka, don Allah."

"Ɗan maƙwabci ba ya zuga mini. Tashi."

Ya tashi yana kuka. Kakarsa, Hanne, ta yi kwana uku tana ba ni baki. Ta ce yaro ne. Na ce yaro ya san gidan da ya ci tuwo. Na ce in ya faɗa a gaban waɗancan yaran cewa ni kakansa ne, ya dawo. Bai faɗa ba. Ni ma ban janye ba.

Shekara shida ke nan. Yana Kano, wai zai zama akawu. Yakan zo da salla, ya durƙusa ya gaishe ni a zaure. Rumfa dai bai sake shiga ba.

Bana kafaɗata ta ƙi ɗaga masaba. Mutanen Gafasa sun fara kai garemaninsu Gaya.