Tagar Dokta Makau

Sanda na cikin ɗaure jakarsa a bayan babur sai muryar tsohon ta ƙetaro katanga.

"Kai, mai zinari! Ina zuwa da sassahen ga?"

"Tungar Daji, Baba Dokta. An ce an buɗe sabon rami."

"Ka sha na yau?"

Sanda ya ci gaba da jan igiya.

Dokta Makau maƙwabcinsu ne a Anka. Ya ƙare ƙarfinsa a ɗakunan bincike, daga Zariya har ƙasashen waje, yana bin tambaya guda: me ya sa mutane za su shaƙi ƙwayar tarin fuka a ɗaki ɗaya, wani ya kwanta, wani garkuwar jikinsa ta tare ta? Da ciwon zuciya ya matsa masa, ya dawo gida wajen ƙanwarsa Hure.

Lokacin da Sanda ya dawo daga niƙan dutsen zinari yana tarin jini, mahaifiyarsa Inna Uwani ta ware masa kwano da moɗa, ta toshe tagar ɗakinsa da tsumma kada iska ta bugi ƙirjinsa. Dokta ne ya shigo da sandarsa, ya zare tsumman, ya ɗauki moɗar Sanda ya sha ruwa kowa na kallo. "Cutar ba ga moɗa take ba, Uwani, ga iska take. Ki bar iska ta hita da ita." Shi ne ya sa aka kai Sanda asibiti, aka ɗora shi kan magani na wata shida, da sharaɗin kullum ya haɗiye a gaban idonsa.

Yanzu ko rabi bai yi ba, tari ya tsaya, ƙafa ta fara ƙaiƙayi.

"Na warke hwa, Baba."

"Laɓewa ta yi. Ka bar magani ta tashi, kuma in ta tashi, wanga magani ba ya ƙara yi mata komi." Tsohon ya tsaya ya maida numfashi. "Ni ma tahiya gare ni. Ka bari in riga ka, ai ni ne babba."

Sanda ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya kwance jakar.

Damina ta yi nisa ranar da ya shiga ya tarar da ɗakin Dokta duhu. Hure ta cusa tsohon zane a taga, wai sanyi. Tsohon ba ya iya magana sosai, yatsa kawai ya ɗaga. Sanda ya zare zanen, ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya ya shigo. Ya watsa ƙwayoyin maganinsa a baki, ya kora da ruwa, ya buɗe baki kamar kullum. Dokta ya leƙa, ya gyaɗa kai. Kafin azahar ya cika.

Ranar addu'ar uku motoci suka cika lungun. Sanda bai taɓa sanin tsohon da ke zaune kan tabarmar kaba yana da ɗalibai haka ba. Wata a cikinsu, Farfesa Asma, ta nemi a kai ta wajen Inna Uwani.

"Malam ya sha ba ni labarinki ta waya, Inna. Kin yi jinyar mijinki da wannan tari, kin yi ta ɗanki, ke ko sau ɗaya ba ki kwanta ba. Irinku ya yi ta nema. In kin yarda, za mu dawo mu duba jininki."

"Jinina? Mi ag garai, ɗiyata? Tuwon dawa ne da miyar kuka."

Matan ɗakin suka fashe da dariya, har Hure da idonta ya kumbura.

"To ku zo," in ji Inna. "In zai hana ɗan wata tarin jini, ku ɗiba."

Washegari abokan Sanda suka tsaya ƙofar gida da babura suna danna oda ya fito a tafi Tungar Daji. Ya fito da moɗa a hannu, ya ɗaga musu hannu su wuce, ya nufi gidan Dokta don ƙafarsa ta saba. Sai da ya isa bakin tagar ya tuna.

Hure na zaune ciki, kan tabarmar kabar.

"Tsayuwar mi kaka yi? Haɗiye, ka buɗe baki in gani. Ni ya bar ma aikin."

Ya haɗiye, ya buɗe. Ta leƙa da kyau kamar mai duba hatsi a kasuwa. Zanen nan yana ninke a gefe, iskar safe na shiga tana fita.