Ƙyauren Majalisa

Ranar da matar Rabin Inci ta zo shago, Baba Kafinta yana zaune yana goge ƙafar tebur da sanfefa, rediyo a gefensa ana ta musu a kan mutanen da aka kama. Wata biyar ke nan da faruwar abin. An faɗi sakamakon zaɓe, waɗanda suka sha kaye suka ce an yi musu maguɗi, suka taru suka nufi ginin majalisa. Da farko waƙa ce kawai da ɗaga kwalaye. Kafin rana ta juya an farfasa tagogi, an ƙone ɗakin takardu, an karya wa masinjan majalisar hannu a wuri biyu. Masinjan nan kuwa abokin Baba ne tun suna samari.

Shi ya sa duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shagon ya san ra'ayin Baba. "A ɗaure su duka," yakan ce, "har mai sayar musu da ruwa."

Matar ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago sosai ba. Mijinta, ɗaya daga cikin waɗanda aka kama, ya yi shekara tara a hannun Baba yana koyon aiki. A nan ya samo sunan, don idan katako ya ɗara awo ko da rabin inci ne, sai ya ajiye komai ya gyara, ko da mai kaya yana tsaye a kansa. Daga baya ya buɗe nasa shagon. Siyasa ce ta shiga tsakaninsu: Baba yana bayan waɗanda suka ci, shi yana bayan waɗanda suka faɗi. Shekara biyu gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu daga nesa.

"Baba, gata za a sake shiga kotu," ta ce. "Lauya ce ta ce in zo wurinka."

"Ni alƙali ne?"

"A'a, Baba. Kai ka koya masa aiki."

"Na koya masa kafa ƙofa. Ban koya masa cire ta majalisa ba."

Ba ta yi musu ba. Ta ciro waya ta kunna wani bidiyo ta miƙa masa. Ya riga ya ga bidiyon nan ya fi sau goma, duk gari an gani. Daƙiƙa goma sha biyu ne: hayaƙi, ihu, ga Rabin Inci dogo siriri da hular jam'iyyarsa, rungume da ƙyauren zauren majalisa yana tafiya da shi. Amma bai taɓa kallonsa da matar mutumin a durƙushe gabansa ba. Ya mayar mata da wayar, ya ce ta tashi ta zauna a benci, ƙasan akwai ƙusoshi.

Washegari ya sa riga mai tsabta ya tafi ofishin lauyar, yana gaya wa kansa cewa zuwa ji ba zuwa yarda ba ne. Ɗaki ne ƙarami a saman wani kantin magani, fayil-fayil har kan kujerar baƙi. Lauyar yarinya ce, ba za ta girmi autarsa ba. Ta kwashe fayilolin ta ba shi wuri.

Ta yi masa bayani a hankali. Mutum arba'in da uku aka rubuta a takardar tuhuma ɗaya, laifi ɗaya, an hana su beli. An ce in sun amsa gaba ɗaya, shekara uku-uku ne. Wanda ya ƙi, aka same shi da hannu a gobarar, zai iya shan shekara sha biyar. Rabin Inci ya ƙi. Ya ce ya je, ya yi ihu har muryarsa ta dishe, ya tsallake shingen 'yan sanda, wannan bai musa ba. Amma ƙofar, a kulle ya same ta, mai makullin ya gudu, hayaƙi ya cika zauren, mutane a ciki suna dukan katako. Shi ne ya fitar da ƙusoshin hinjin da ke riƙe da ƙofar ta waje ya ɗage ƙyauren.

"To waɗanda suka fito ɗin fa? Ba su da baki?"

"Akwai mai shara ɗaya da ta ba da shaida. Ta ce idonta a rufe ta fito, Allah ne ya buɗe ƙofar. Na ce mata gaskiya ne, Mama, amma da hannun wa? Ta ce ita dai ba ta ga hannu ba."

Baba ya danne dariya, ya gyara fuska. "Wa ya aike shi wurin tun farko?"

"Babu wanda ya aike shi, Baba. Yana da damar zuwa ya ce bai yarda ba, kamar yadda kai ma kake da ita in naka ne ya faɗi. Abin da ba shi da dama shi ne karya hannun mutum. Ni ma ina so a hukunta wanda ya karya. Amma a nemo shi, a nuna shi. In aka ce duk mai wannan hular shi ne, to gobe wata hular ce."

Ta ce ta samo izinin a duba ƙyauren, ita kuma ba ta san abin da za ta duba a jikin katako ba.

Ɗakin ajiyar kayan shaida yana bayan kotu, yana warin ƙonannen roba. Wani ɗan sanda mai tumbi ya buɗe musu ya tsaya yana sakace. Ga duwatsu a buhu, ga kwalaye, ga takalma wari-wari. Ƙyauren yana jingine a bango da lamba a manne. Baba ya shafa shi tun daga sama har ƙasa, kamar mai duba dokin saye. Babu tsaga, babu wurin da aka sa ƙarfe aka ɓamɓara. Hinji uku suna nan lafiya lau.

"Ɗan samari, kama min nan mu kwantar da shi."

"Baba, kayan gwamnati ne fa," in ji ɗan sandan.

"Na sani. Da harajina aka saya. Kama."

Suka kwantar. Baba ya sa tabarau ya leƙa bakin katakon na sama, inda ido ba ya kaiwa idan ƙofa tana tsaye. Ga shi nan da fensir, rubutun a karkace kamar na mai sauri: kibiya, da lamba biyu, da kalmar hagu.

Ya daɗe a tsugune. Dokar shagonsa ce tun kafin a haifi lauyar: ƙyaure ba ya barin mazauninsa sai an rubuta masa inda zai koma, don ƙofofi suna kama da juna amma kowacce da nata zama. Ya sha ƙwanƙwasa kan masu koyo a kan wannan. Wai a cikin hayaƙin nan, ana jifa, ana gudu, wannan sakaran ya tsaya ya ciro fensir daga kunne.

"Baba, lafiya?" in ji lauyar.

"Ƙura ce," ya ce, yana goge ido. "Ba sa share ɗakin nan."

Da yamma ya biya wurin masinja, don ba zai iya ba da shaida a bayan idonsa ba. Ya same shi a ƙofar gida yana motsa yatsun hannun kamar yadda likita ya ce. Ya faɗa masa komai, yana jiran faɗa.

"Wanda ya doke ni gajere ne mai wuya kamar turmi," masinja ya ce. "Naka kuma sandar rake. Je ka faɗi abin da ka gani. In an ɗaure dogo, gajeren yana gida yana barci, me na samu?"

Ranar shari'a ɗakin kotu ya cika har tagogi. An jera waɗanda ake tuhuma a benci huɗu. Baba ya hango Rabin Inci a layi na uku, ya rame har kunnuwansa sun ƙara girma. Da suka haɗa ido, Rabin Inci ya sunkuyar da kai.

Lauyar ta yi masa tambayoyi, ya yi bayanin rubutun fensir. Aka shigo da ƙyauren, Mai Shari'a da kansa ya sauko ya leƙa. Sannan mai gabatar da ƙara ya miƙe. Mutum ne mai sanyin murya, da gani ya gaji da shari'ar nan.

"Baba, kana wurin ranar?"

"Ba na nan."

"To ka san abin da ke zuciyarsa lokacin da ya cire ƙofar?"

"Zuciya ban sani ba, ranka ya daɗe. Hannunsa na sani."

"Bayan an cire ƙofar nan wasu sun shiga sun ƙara wuta. Ka san wannan?"

"Na ji. Kuma ban ji daɗi ba."

Mai gabatar da ƙara ya ɗaga wata leda. "Da aka kama shi an sami waɗannan a aljihunsa. An rubuta: ƙarafa uku masu tsini, makami."

Baba ya karɓa ya juya ledar. "Ƙusoshin hinjin ne. Ga na sama, ya fi gogewa. Wanda ya zo ɓarna ba ya adana ƙusa, ranka ya daɗe, ya jefar ya wuce. Wannan niyyarsa ya dawo ya mayar da ƙofar. Wauta ce, na yarda. Amma wautar kafinta ce."

Lauyar ta nemi a nuna hoton da 'yan sanda suka ɗauka washegarin abin. Ga ƙyauren jingine a bangon baranda, can nesa da wuta, an cusa wani tsumma a ƙarƙashin kusurwarsa. Ta tambaye shi ko ya gane tsumman.

"Hularsa ce. Ya sa ne kada siminti ya ci fenti." Ya ƙara duban hoton. "Tunda aka ɗinka hular jam'iyyar nan ban ga ta yi aiki mai amfani ba sai ranar."

Kotu ta kwashe da dariya, har wasu daga cikin masu bencin tuhuma. Mai Shari'a ya buga tebur, amma shi ma ya rufe baki da hannu.

Ba a gama ranar ba. Sai bayan mako biyu aka yanke. Mai Shari'a ya ce ba a nuna hannun Rabin Inci a gobara ko a dukan kowa ba, ya wanke shi daga waɗannan. Tsallake shinge kuwa laifi ne, ya amsa da bakinsa, kuma zaman da ya yi a tsare ya isa hukunci. Ya ƙara da cewa takarda ɗaya ba za ta ɗauki mutum arba'in da uku ba. A raba, a kawo wa kowa abin da ya yi da hannunsa. Waɗanda ba a da komai a kansu sai hoton fuska a cikin taro, a ba su beli. Mutum shida da aka gani da galan ɗin fetur da sanduna, su za su ci gaba da zama.

Aka sako shi da hantsi, da kayansa a ƙullin leda. Matar ta tsaya gefe tana kuka tana dariya. Rabin Inci ya zo ya zube gaban Baba a kan matakala.

"Tashi, kana tare wa mutane hanya."

"Baba, na gode. Ban san da wane baki..."

"Da bakin da ka yi ihu. Tashi."

Ya miƙe, suka gangara tare, a hankali saboda gwiwar Baba. Sun kusa bakin titi Rabin Inci ya yi gyaran murya.

"Amma fa Baba, maganar gaskiya, zaɓen nan an yi maguɗi."

Baba ya ja ya tsaya. "Ka ji shi ko? Ko awa ɗaya bai yi a waje ba!"

"Don Allah ku bari ya ga 'ya'yansa tukun," matar ta ce. "Gobe ku ɗora daga nan."

"Gobe ina da aiki," in ji Baba. "Ya zo jibi. Ya zo da hujja, ba da ihu ba."

Motar haya ta tsaya, saura wurin mutum biyu. Baba ya tura su ciki, ya ce shi zai jira ta gaba.