Kalmomi Ashirin da Tagar Ɗakina

Takwarata, jikata ta wajen babban ɗana, tana aji huɗu a sakandare. Lissafi kam kamar ruwa take shan sa, amma Turanci ya tsaya mata a wuya. Malamarsu ta ba su kalmomi ashirin su haddace har da ma'anarsu kafin Litinin ta sama, ga shi a gwajin baya shida kacal ta ci. Ubanta ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina da takardar a hannu.

"Inna, ba wai na ce ke ce ba," in ji shi, idonsa na kan silin, "amma in ta sake cin ƙasa da sha biyar, zaman yamma a ɗakin nan ya ƙare. Ta koma falo ta yi karatu."

Wai ba ni ba ce! Ni da ko ƙofar gida ban cika fita ba. Laifina ne da magini ya juya tagar ɗakina tana kallon titi? Amma fa maganar ta taɓa ni. In yarinyar nan ta koma falo, da wa zan riƙa hira, da labule?

Washegari ta zauna a gefen gadona tana maimaita kalmomin kamar mai kiran kaji. Ta karanta, ta rufe littafi, ta buɗe ido, sun gudu.

"Ke, wannan da kike ta taunawa, me take nufi?"

"Boastful, Kaka. Mai cika baki."

"Au, mai aski ke nan!"

Na ɗaga labule. Ga shi can tsallaken titi, almakashi a sama, yana rantse wa wani bawan Allah cewa ya taɓa aske 'yan ƙwallo sha ɗaya kafin shayinsa ya huce. Takwara ta yi dariya har littafin ya faɗi.

"Kawo ta gaba."

"Unreliable. Wanda ba a dogara da alkawarinsa."

"Tela. Mako uku rigata tana wurinsa, kullum gobe."

Haka muka bi su. Clumsy ta tafi ga mai shago, wanda ba ya miƙo ƙwai biyar sai ɗaya ya gaisa da ƙasa. Reluctant muka ba mijin maƙwabciya, don in matarsa ta ce ya duba famfo, sai ka ce ƙafarsa aka ɗaure da dutse. Kada a ce mugunta kawai muka yi, elegant ta samu nas ɗin da ke haya a bene, mai tafiya kamar ƙasa za ta ji ciwo.

Kullum da yamma in wani ya gifta sai in nuna shi da baki, ita kuma ta faɗi kalmarsa, ta jero haruffan. Zuwa ranar Asabar, kalmomi sha tara sun zauna daram. Saura guda.

"Wannan fa, wa za mu ba?"

"Bar ta, Kaka, na riga na samo mai ita," ta ce, ta tura littafin cikin jaka.

Ranar Laraba sai ga malamar da kanta a gidanmu, doguwa mai tabarau, takarda naɗe a hannu. Uban ya shigo da ita ɗakina fuska a ɗaure. Takwara ta raɓe a bayan ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, ni da labule.

"Mama, rubutun yarinyar nan ko harafi bai ɓace ba," in ji malama bayan mun gaisa. "Amma ji abin da ta sa a gurbin ma'ana. Boastful, mai aski. Unreliable, tela. Reluctant, mijin maƙwabciya."

Ashe lokaci ne ya ƙure mata, hannu ya rubuta abin da ido ya saba gani.

Na gyara zama na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da su ƙwai. Malama ta daure, ta daure, sannan ta cire tabarau tana share ido.

"Wane telan? Na kusa da kantin magani?"

"Shi fa, 'yar nan."

"Wata biyu siket ɗina yana wurinsa!"

Ta kira Takwara, ta tambaye ta kalmomin ɗaya bayan ɗaya, a karkace, daga ƙasa zuwa sama. Yarinya ta riƙa ba ta ma'ana, har tana sa kowace a jimla. Uban ya saki baki yana kallo.

"Saura ta ƙarshe," in ji malama. "Inquisitive. Nan kuma ta rubuta, Kakata."

Ɗana ya kama tarin da babu shi.

"Me take nufi?" na tambaya.

"Mai son sanin abubuwa, Mama. Mai yawan bincike."

"Wato mai ilimi."

"Kusan haka," ta ce, tana gyara tabarau.

Na harari Takwara. Na gane sarai, ja'irar yarinya, amma ai ba a gaban baƙuwa ba.

Malama ta zaro jan biro ta rubuta ashirin cif, da sharaɗin nan gaba a bar sunayen mutane a gida. Uban ya juya. Fita ya yi, ya dawo da ƙaramin tebur daga falo, ya ajiye shi a gindin taga.

Na riƙe malama ta sha shayi. Kafin ta kai ƙasan kofi na san 'ya'yanta uku, na san aikin mijinta, na kuma san abin da ya raba ta da tsohuwar makarantarta, amma wannan ba zan faɗa ba tukuna.

Yanzu kalmomi talatin aka ba su, mutanen layinmu kuwa sun kusa ƙarewa. Allah ya taimake mu, jiya wasu sababbin 'yan haya suka tare a gidan kusurwa. Mijin ya sauke kaya yana ta faɗa da direba, matar kuma ta zauna a kan akwati tana cin gyaɗa. Takwara ta ce tana da kalma biyu da za su yi musu daidai.