Kifin da Aka Rubuta wa "Tunny"

Sallaou ya yi shekara biyu yana sauke kaya a kantin Haj Miftah da ke unguwar Mahdiya a birnin Sabha. Malamin makaranta ne kafin ya baro Maraɗi, shi ya sa duk kwalin da ya zo da rubutun boko shi ake kira ya duba.

Wata Laraba mota ta kawo kwali arba'in na kifin gwangwani. Mutanen Sabha ba sa wasa da kifin nan da ake kira tuna, da ita suke karya kumallo a cikin burodi da yaji. To amma waɗannan gwangwanaye "tunny" aka rubuta a jikinsu. Haj Miftah ya jujjuya ɗaya a hannu, ya tambaya ko wane irin kifi ne. Sallaou ya buɗe, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ce tuna ce ba shakka.

Sharhabilu, wani Bakano da suke aiki tare, ya girgiza kai.

"Malam Sallaou, kai fa Faransanci ka karanta. Ni da Turanci na yi sakandare, ban taɓa jin wannan kalma ba. Jabu ne."

Haj Miftah ya ɗauka Turanci na 'yan Najeriya ne, sai ya ce a jibge kayan a baya.

Abin ya tsaya wa Sallaou a rai. Da aka tashi sallar azahar ya zauna a inuwar bango, ya buɗe ƙamus a wayarsa. Ga kalmar nan a ciki. Tsohon sunan tuna ne a bakin Ingilishi, da shi suke kiran kifin kafin sabon sunan ya mamaye kasuwa, kuma 'yar'uwar "thon" ce ta Faransanci da ya sani tun yana aji uku. Ya tashi da sauri ya kai musu wayar.

Sharhabilu ya karanta a hankali, ya ce in kalmar tsohuwa ce to ai kifin ma ya kwana biyu. Haj Miftah, da yake Hausarsa ta kasuwa ce, "tsohuwa" kawai ya kama. Sallaou ya nuna masa ranar da aka buga a gindin gwangwani, ya yi bayani da Larabci, ya sake da Hausa.

"Na ji, Sallaou," in ji Haj Miftah. "Amma mai saye ba ya zuwa da ƙamus."

Washegari direban motar ya dawo ɗaukar kayan. Sallaou ne ya mayar da kwalayen cikin mota ɗaya bayan ɗaya, rana na dukan ƙeyarsa. Yana cikin haka wata mata ta shigo neman tuna, aka ce mata ta ƙare. Bai ɗago kai ba.

Da yamma Sharhabilu ya tare musu bas zuwa unguwarsu Tayuri, ya kira shi sau biyu. Sallaou ya ce ya je, shi da ƙafa zai tafi.